Katakon Ƙofar Gidanmu

Tun ranar da Papa ya faɗa kwata a gaban baƙi, ba a ƙara ambaton sunan Ɓoɓɓo a gidanmu ba.

Duk wanda ya zauna unguwar New Bell ta Duwala da damina ya san kwatocinta. Tamu ta ƙofar gida ta bi, kuma tun ina rarrafe wani baƙin katako ne a gicciye a kanta. Ta kansa na yi ta wucewa makaranta. Ta kansa Papa ya yi ta wucewa ofishinsu na tashar jirgin ruwa, da kwat da jaka, har ya yi ritaya. Bai taɓa kayar da kowa ba sai ranar da bai kamata ba.

Ranar ce Ɓoɓɓo ya fara zuwa gaida Papa a kan maganar aurena, tare da wani dattijo, mutumin Garwa kamarsa. Ni ina bayan labulen taga, na riƙe littafi a juye ban sani ba. An gaisa lafiya, an sha shayi, har Papa ya ce zai taka musu. Ruwa bai daɗe da ɗaukewa ba. Papa na gaba cikin farar shadda, ya ɗaga yatsa sama yana ba su labarin yadda kakana ya sauka Duwala.

Ya taka katakon. Santsi ya kwashe shi.

Ƙafa ɗaya ta yi sama, takalminsa ya tashi ya dira cikin tiren mai soya fanke a tsallaken hanya, shi kuma ya zauna daɓas cikin ruwa har ƙugu. Hularsa ta fara bin ruwa a hankali.

Layin ya yi tsit.

Papa ya miƙe. Ya kamo hular, ya matse ta, ya ɗora a kai a karkace. Ya sake ɗaga yatsan nan, ruwa na ɗiga ta gwiwar hannunsa, ya ce, "To, kamar yadda nake gaya muku, a lokacin ko gada babu a kan kogin Wuri..."

Sai Ɓoɓɓo ya fashe da dariya.

Ba ƙaramar dariya ba. Irin wadda mutum ke riƙe ciki, hawaye na zuba, yana so ya daina ta ƙi. Bafulatani, a gaban wanda yake neman 'yarsa! Dattijon da ya rako shi ya rufe fuska da hannun riga.

Daidai lokacin motar Yaya Abdurrahim ta tsaya. Ɗan Goggo Yelwa ne, yayar Papa, yana aikin fiton kaya a tashar jirgi, kuma kowa a dangi ya san ya daɗe yana sona. Ya fito a guje, ya rungumo Papa kamar jinjiri.

"Ashia, Kawu! Sannu! Doucement, a hankali, kada ka motsa. A shekarunka ƙashi ba ya ɗaukar irin wannan. Ku kawo kujera mana, ba ku ga tsoho ya faɗi ba?"

Da yammacin ranar Papa ya kira ni. Bai ɗaga murya ba.

"Khaulat, ke ba yarinya ba ce, kin kusa gama jami'a. Ba zan yi miki dole a kan kowa ba. Amma wanda ya yi wa uba dariya ba zai ɗauki 'yar ba. C'est fini, magana ta ƙare."

* * *

Yaya Abdurrahim bai yi abu rabi da rabi ba.

Ya sa aka cire katakon aka jingine shi a zaure, aka shimfiɗa farantin ƙarfe mai abin dafawa hagu da dama. Ya kawo sanda mai kan azurfa daga kantunan Akwa. Ya sa direbansa ya riƙa zuwa kai Papa masallaci, masallacin da daga ɗakina ina jin tarin liman. Kullum ya zo sai ya duƙa ya ce, "Kawu, ya ƙafar? Ka zauna abinka, mu za mu yi."

Ƙafar lafiya lau take. Ko targaɗe babu.

Amma Papa ya zauna ɗin. Ya daina zuwa shan shayi wurin abokansa. Ya daina yi wa mai karanta labarai a tele gyaran Faransanci. Da farko sandar tana bayan ƙofa, daga baya na gan ta kusa da kujerarsa, ran nan kuma na ga ya dafa ta zai shiga banɗaki. Na koma ɗaki na yi kuka, ban ma san kukan wa nake yi ba.

Goggo Yelwa kuwa ba ta bar ni na huta ba.

"Kin dai gani da idonki. Ɗaya ya tsaya yana washe baki, ɗaya ya shiga ruwan kwata da takalminsa mai tsada. Wane littafi kuma za ki buɗe ki duba? Ranar Lahadi za mu kawo kayan gaisuwa. In ba kya so ki buɗe baki ki faɗa a gaban ubanki, ki gwada mana cewa mai fim ya fi jininki."

Na kalli Mama. Mama ta kalli tiren wake da take tsincewa.

Abu ɗaya ya hana maganar Ɓoɓɓo mutuwa gaba ɗaya. Manyan Ɓoɓɓo sun je wurin limamin unguwa, liman ya zo ya ce wa Papa dariya laifi ce, amma ita kaɗai ba ta isa hana aure ba, a yi bincike a kan yaron kamar yadda aka saba kafin a yanke. Papa bai iya musa wa liman ba. Sai ya ɗora binciken a kan ƙanensa, Baffa Sali, ya ce masa, "Ka je ka samo mini abin da zan faɗa wa mutane."

* * *

Rumfar Ɓoɓɓo tana bayan kasuwa, tsakanin mai gyaran waya da mai tsire. Fina-finai yake zuba wa mutane a waya ko a kile, ɗan ƙarfen nan da ake sokawa a bayan tele. Amma abin da aka san shi da shi daban ne. Tsofaffin fina-finan Faransa na barkwanci yake nemowa, na 'yan sanda masu bincike, waɗanda launinsu ya koɗe tun kafin a haife mu, ya ɗora musu muryarsa da Hausa. Shi ne komisa, wato babban ɗan sanda, shi ne ɓarawo, shi ne matar mai otal. A nan muka san juna, ranar da ya tsayar da ni da littattafaina ya tambaye ni ma'anar wata tsohuwar kalmar Faransanci da ba ya so ya fassara da ƙarya.

Na same shi ya rame. Na tsaya a bakin rumfa, ban shiga ba.

"Khaulatu."

"Me ya sa ka yi dariya?"

Ya sunkuyar da kai.

"Ɓoɓɓo, tambayarka nake. Na shirya maganganu da yawa a hanya, duk sun gudu, wannan ce ta rage. Me ya sa? Ko mahaukaci ya san ba a yi wa suruki dariya. Da ka ciji leɓe. Da ka juya baya ka yi tari. Ka san irin daren da na kwana ina roƙon Allah ya sa Papa ya so ka?"

Hawaye suka zubo mini. Mai tsire ya juya yana fifita wuta kamar ba ya ji.

"Wallahi ba faɗuwar na yi wa dariya ba," in ji shi a hankali, da Hausarsa mai karin Fulani.

"To me?"

"Tashin."

Ya jawo mini benci, na ƙi zama. Ya ci gaba a tsaye.

"Babana a Garwa, a tsakar gida ya faɗi, yana alwala. Ina wurin. Babu wanda ya yi dariya, Khaulatu, don bai tashi ba. Da na ga ƙafar Baba ta yi sama, wallahi zuciyata ta tsaya, na ce shi ke nan, ta sake faruwa. Sai na ga ya miƙe. Ya matse hula. Ya ci gaba da maganar gada! Ban san lokacin da abin ya kufce mini ba. Daɗi na ji. Amma ta fito da muryar da ba ta dace ba."

"To ka je ka gaya masa haka."

"In ce masa me? Baba, na zaci mutuwa za ka yi? Wannan ya fi dariyar muni."

A ɗan allon da ke rataye bayansa wani dogon Bature siriri, da lema a hammata, yana ja da baya yana auna sawun ƙafa a ƙasa. Komisa Tuntuɓe ke nan, sunan da Ɓoɓɓo ya raɗa masa, har yaran unguwa sun ɗauka. Ya yi ta ja da baya har ya fita ta taga.

"Kullum ina kallon mutumin nan," in ji Ɓoɓɓo. "Rabin abin dariyar da ke fim ɗin ya mutu. Zolayar 'yan siyasarsu ta wancan zamani, wa ya san su yanzu? Samari suna cewa in tura musu gaba. Amma da ya faɗi ya tashi ya gyara hula, har gobe ana dariya, mai jin Faransanci da wanda ba ya ji. Na daɗe ina tunanin dalili. Ina ganin don kowa ya tabbata zai tashi ne. Mutum ba ya dariyar wanda yake ganin ya ƙare."

"Ranar Lahadi za su kawo kayan gaisuwa," na ce.

Ya ɗago ya dube ni.

"Abdurrahim mutumin kirki ne," ya ce. "Ba zan ce miki ba haka ba ne. In kika ce e, ba zan zage ki ba. Amma zan tattara in koma Garwa, don ba zan iya ganin ki a motarsa ba."

"Ni na ce maka ina son motarsa?"

"To me za ki ce musu?"

"Ban sani ba! In na ce a'a, na ɓata da Goggo, kuma kai ɗin ma ba a ba ni kai ba. In na ce e..." Kuka ya ci ƙarfina.

Cikin kukan na lura da wani mutum a kan bencin mai gyaran waya. Ya sa doguwar rigar ruwa, da hular kwano ta 'yan bensikin, masu babur ɗin haya, da baƙin tabarau, ya buɗe jarida ya kare fuska. Rana kuwa tana dukan ƙasa.

Wata mata ta wuce da kwando ta ce, "Sannu da hutawa, Malam Sali."

Mai tsire ya ɗaga murya, "Malam Sali, na sa maka yaji ko yau ma basir ɗin?"

"Tun ranar Litinin yake zuwa," in ji Ɓoɓɓo ƙasa-ƙasa. "Ya ce mini sunansa Halilu, daga Ngaundere ya zo. Ina ba shi shayi."

Na ja mayafina na gudu gida, ban san ko kuka nake ba ko me.

* * *

Ranar Asabar bayan la'asar aka taru a falo jin sakamakon bincike. Hadari ya haɗu ta wajen unguwar Nylon. Papa na kan kujerarsa, sandar na jingine da gwiwarsa. Mama na gefe. Yaya Abdurrahim ya zo kawo magani, aka ce ya zauna, ai ɗan gida ne. Ni aka ce in kawo shayi, na kawo, na maƙale a bakin ƙofa, ba wanda ya kore ni.

Baffa Sali ya gyara murya.

"Yaya, na yi aiki. Babu wanda ya gane ni."

"Madalla. Yana sha?"

"Shayi kawai. Da sukari da yawa."

"Salla?"

"Har ya fi ni... wato yana yi."

"Mata?"

Baffa ya saci kallona ta gefen ido. "Guda ɗaya na gani, ita ma kuka ta yi ta tafi."

Na ji kamar ƙasa ta buɗe. Papa bai waiwayo ba.

"Wato ba ka samo komai ba."

"Na samo!" Baffa ya zaro kile daga aljihu ya ɗaga sama. "Ha'inci. Yaron nan yana ba mutane fim da giɓi. Wannan fim ɗin na komisa mai lema, wanda ake sace agogon bango a otal, ka tuna shi? Tare muka kalla a sinima muna samari, har ka yi ta kwaikwayon tafiyarsa. To ya yanke wani wuri ɗungurungum. Na ce bari in kawo shaida."

Kafin wani ya yi magana ya soka a bayan tele. Ya soka a juye, ya sake, ya buge kofin shayi da gwiwar hannu, sannan hoto ya fito.

Muryar Ɓoɓɓo ta cika falon gidanmu. Na dafa bango.

"Kowa ya tsaya inda yake!" in ji Komisa Tuntuɓe, ya buga ƙofar otal da ƙarfi, ta dawo ta doke shi a hanci. "Har da ƙofar!"

Yaya Abdurrahim ya yi murmushi irin na haƙuri. "Dariyar zamanin da ke nan. Mutum ya faɗi, mutum ya buge. Yanzu ko yara sun wuce wannan."

Komisa ya tara ma'aikatan otal yana musu tambayoyi, agogon da ake nema na bugawa a cikin akwatin da ya zauna a kai, shi kuma sai duba na hannunsa yake yana girgiza shi. Baffa ya yi ta ƙyaƙyatawa shi kaɗai. Fuskar Papa kamar an ɗaure ta da igiya.

"Yawwa, nan ne!" Baffa ya yi tsalle. "Ka gani? Daga matakala sai ga shi a kicin. An tsallake! Akwai wani abu a tsakani, na manta ko mene ne, amma akwai."

"Na tuna," in ji Papa.

Kowa ya juyo.

"Ɗan dako ne. Baƙar fata. Sun sa masa jan baki, ya ɗauko akwatuna a kai, komisa ya ce masa ɓarawo, ya zazzaro ido yana rawar jiki, baƙin otal suka yi ta shurinsa yana gangarawa matakala. Ba a nuna ya tashi ba. Ba a ma ba shi suna ba. Duk sinimar ta ɗauki dariya. Ni a wurin nan tawa ta tsaya har aka tashi."

Na tuna hoton kakana da ke ɗakin Papa, da gammo a kafaɗa. Dako ya yi a tashar jirgi har bayansa ya lanƙwashe, da shi ya sa Papa a makaranta.

"Ka tambaye shi dalilin yankewar?" Papa ya tambayi Baffa.

"Na tambaya, a matsayin Halilu. Ya ce wai bakinsa ba zai iya ɗora wa wurin murya ba. Wai can ba dariya ba ce, duka ne. Ka ji fa! Shi da aka ba aikin fassara."

Fim na ta tafiya. Komisa ya fara ja da baya yana auna sawu da lemarsa, ya nufi taga. Na san abin da ke zuwa. Yaya Abdurrahim ma ya hango, ya miƙe da sauri ya nufi tele.

"A kashe wannan. Zai tuna wa Kawu abin da ya wuce, hawan jininsa..."

"Bar shi."

"Kawu, lafiyarka..."

"Na ce ka bar shi, Abdurrahim."

Komisa ya fita ta taga da baya. Ya dira cikin amalanken kifi. Shiru na ɗan lokaci, sai ƙafafu biyu a sama. Sannan ya miƙe, ya zaro kifi daga cikin hularsa, ya mayar da hular kai a karkace, ya ɗaga yatsa, muryar Ɓoɓɓo ta ce da cikakkiyar natsuwa, "To, kamar yadda nake cewa..."

Wani sauti ya fito daga gefen Papa. Mama ce. Ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa, idanunta sun cika da ruwa.

"Iyatu," in ji Papa, ya juya gare ta.

"Alhaji, ka yafe mini... hular ce... wallahi hular..."

"Ranar ma kin yi?"

Mama ta gyaɗa kai. Da ƙyar ta ce, "Kicin na shige na rufe ƙofa, na kunna famfo."

"Shekara nawa muna tare, ki ɓoye mini a kicin."

"To ai ka tashi, Alhaji. Da ba ka tashi ba ai da ba haka ba."

Papa ya daɗe yana kallonta. Sai ya juyo gare ni, karo na farko tun da aka zauna.

"Ke fa?"

"Ban yi ba, Papa." Muryata ta fito siririya. "Tsoro na ji. Har yanzu tsoro nake ji. Na ga ka fara dafa sanda, alhali babu abin da ya same ka."

Ban san inda na samo ƙarfin faɗar haka ba. Na jira tsawa.

Ba ta zo ba. Papa ya dubi sandar da ke jikin gwiwarsa kamar yanzu ya fara ganin ta. A tele komisa na tafiya, kifi na leƙowa daga aljihun kwat ɗinsa, yana gaida mutane da girma. Gefen bakin Papa ya motsa. Ya danne. Ya sake motsawa. Sai wata 'yar dariya ta fita ta hancinsa, gajeriya, kamar atishawa, ya yi maza ya mayar da ita tari.

Ya miƙe tsaye, bai dafa komai ba. Ya miƙa wa Yaya Abdurrahim sandar da hannu biyu.

"Ɗana, Allah ya yi maka albarka. Ka shiga kwata domina, ba zan manta ba. Amma tun ranar kake binne ni a hankali, da ladabi, ni kuma ina taya ka. Kai wa uwarka wannan, ta girme ni."

"Kawu, maganar gobe fa?"

"Khaulat ce za ta ba ka amsa. Ga ta nan."

Duk suka zuba mini ido. Yaya Abdurrahim ya kalle ni, kuma wallahi na ji tausayinsa, don bai taɓa yi mini komai ba sai alheri.

"Yaya, ka yi haƙuri. Kai yayana ne. Ban iya mayar da kai wani abu daban ba, na gwada."

Ya juya sandar a hannunsa, ya ce, "Na daɗe da sani. Mamata ce ba ta sani ba." Ya yi sallama ya fita. Na san kafin magariba Goggo Yelwa za ta iso da guguwarta, amma a lokacin ban iya tunanin wannan ba, don Papa ya riga ya nufi zaure.

Muka bi shi. Yayyafi ya fara sauka. Ya naɗe hannun riga, ya kama tsohon katakon nan da ke jingine, ya ja shi shi kaɗai har waje. Baffa ya kai hannu zai taya, ya harare shi. Ya gicciya katakon a kan kwata, gefen farantin ƙarfen, ya taka shi ya tsallaka, ya juyo ya sake takowa ya dawo.

Ya tsaya a gabana yana haki kaɗan, ruwa na sauka a kan hularsa.

"Ban yafe ba tukuna," ya ce. "Rashin kunya ya yi, kuma sai ya durƙusa ya faɗa da bakinsa. Ki aika wa mai dariyar nan ya zo gobe da manyansa, bayan azahar. Ya sa babbar riga, fara, mai sitaci."

"Papa..."

"Sali, gobe da safe ka sa a ɗauke ƙarfen nan."

Baffa ya dubi katakon, ya dubi sama. "Yaya, ruwan nan fa kwana zai yi. Katakon zai yi santsi kamar kuɓewa."

Papa ya gyara hularsa, ta ɗan karkace, bai damu ba.

"Na sani," ya ce. "Iyatu, gobe a fito mini da kujera nan ƙofar gida, in ga yadda zai tsallako."